Layi Ukun da Baba Ba Ya Fesawa

Ina bakin rijiya ina wanke tankin feshi wayata ta yi ƙara. Ƙanwata Hajara ce daga asibiti a Zariya. Ba ta ko yi sallama ba, ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a cikin caɓin wurin, hannuwana na warin magani.

Duk wanda ya san mahaifina, Malam Haladu, a garinmu Gazara ya san gonarsa ta wake, ya kuma san layi ukun nan na gefen gabas da ba ya yarda a fesa wa magani. Saboda wani ɗan jan ƙwaro ne mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba. Baba yana kiransu jajaye. Ya ce su ke cinye darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, don haka dole a bar musu wurin fakewa. Maƙwabta sun yi ta masa tsiya. Wani ya taɓa ce masa, "Malam, har ƙwari ma ka yanka musu fili?" Ya yi dariya ya ce, "Aiki suke mini, ba su taɓa tambayata abincin rana ba."

Haka yake da komai. Ba ya gaggawa, ba ya raina ƙaramin abu. Sau nawa na same shi da hantsi a tsugune, ƙwaron na tafiya a bayan hannunsa, shi kuwa yana tasbihi. In na ce rana tana yi, sai ya ce, "Ɗanjuma, tsaya ka duba tukuna. Wanda ya zana wannan bayan bai manta da kai ba." Ni kuwa mai zafin kai ne, wallahi a lokacin haushi yake ba ni.

Bana ciwo ya kwantar da shi wake na fara fure. Darɓa ta sauko ta yi baƙi ƙirin a ganye. Na tsorata, don waken nan shi ne abincin gidanmu. Wata safiya na goya tanki na fesa gonar kaf, har da layi ukun. Washegari na ga jajayen a zube a ƙasa, ƙafafu a sama. Na sa ƙafa na rufe su da ƙasa.

Ranar da na je duba shi a asibiti, bai tambaye ni wake ba. Cewa ya yi, "Jajayen nan sun zo?"

Na ce, "Sun zo, Baba. Suna nan da yawa."

Ya dube ni, sannan ya ce, "To, madalla."

Tun daga ranar ƙaryar nan take cina. Kullum sai in ce gobe zan koma in faɗa masa in nemi gafara. Gobe ta zo, sai in ce bari ya ɗan ji sauƙi. Kwana goma sha ɗaya ina wannan wauta, har wayar Hajara ta zo.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na shiga ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina kuka kamar ba magidanci ba. Ta bari na gama. Ta ce, "Ai ya sani. Kana fita ya ce mini ya ji warin magani a rigarka, kuma ka kasa haɗa ido da shi."

Na ce, "Inna, me ya hana shi yi mini faɗa?"

Ta ce, "Na so in kira ka, ya hana. Ya ce tsoron yunwa ne ya sa ka, a bar ka, za ka zo da kanka. Kullum aka turo ƙofa sai ya ɗago kai." Ta share ido da bakin mayafi. "Ranar ƙarshe ya ce in ka zo ba ya nan, in gaya maka ya yafe. Amma baɗi ka bar wa jajayen layinsu."

Kai, jama'a! Kwana goma sha ɗaya mahaifina yana kallon ƙofa, ni ina nan ina lissafin gobe. Yafiyar ta iso ni, amma ban ji ta daga bakinsa ba, kuma ba zan taɓa ji ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Jiya na je gonar na kafa turaku a gefen gabas don kada wani ya yi kuskuren fesa wa layi ukun magani. Na tsuguna na duba ganye ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi. Ban ga jajayen ba ko ɗaya. Zan jira.

Ya Allah, bawanka Haladu ya tausaya wa ƙaramar halittarka, Ka tausaya masa. Ka yafe masa yadda ya yafe mini tun kafin in roƙa. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna da Hajara da sauran ƙannena haƙurin rashinsa. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka ba ni rai zuwa baɗi in cika masa saƙonsa. Amin.