Yadda Ozella Ta Sauko da Elbert daga Kan Rufi

Ranar Asabar, tara ga Mayun 1987, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Ozella Magee ta fara sa Elbert Fairley a ido, kuma ba cikin fara'a ba. Ta zagaya bayan gidan mahaifiyarta a garin Moss Point na bakin teku don ta duba shukarta, sai ta tarar da ruwa mai kumfa da warin bilic, maganin faranta kaya, yana zubowa daga indararon maƙwabci, ya bi ta ƙarƙashin shinge, ya kwanta mata a lambu. Kunya huɗu ce ta kuɓewa, biyu ta tumatir. Da ta ɗaga kai, sai ga wani dogon mutum zaune a doron rufin maƙwabcin, ya miƙe ƙafafu yana ɓare dafaffiyar gyaɗa.

Ta tambaye shi ko shi ne mai wannan aika-aika. Ya ce shi dai wankin rufi aka ba shi, ba wanda ya gaya masa akwai gona a ƙasa. Abin da ta mayar masa bai shiga kowace takarda ba, amma gida uku sun ji shi sarai. Kafin Litinin lambun ya ƙone ƙurmus.

Ranar Laraba ya dawo, hula a hannu, da dashen tumatir goma sha biyu da irin kuɓewa a ƙunshi. Shekararsa talatin da tara a lokacin, ita talatin da uku. Mai fenti ne a wurin ƙera jiragen ruwa, aka rage ma'aikata aka haɗa da shi, kuma watansa biyu kacal da fara wankin rufi. Bai ɓoye mata ba, ya ce ya san yadda ake kashe baƙin dattin da ke kan rufi, amma bai san yadda zai yi da abin da ke gangarowa ƙasa ba. Ozella, wadda ke aiki a kicin ɗin makaranta, ta ce duk macen da ta taɓa wankin farin kaya ta san ruwa ke karya bilic. A jiƙa ganye da ƙasa sharkaf kafin a fara, a yi ta jiƙawa ana cikin aiki, a sake bayan an gama.

"To, tunda kin iya, ki zo ki riƙe tiyon mana," in ji shi.

Ta ce ba don shi ba, don shukar mutane, za ta zo Asabar ɗaya. An ɗaura musu aure ranar goma sha biyar ga Oktoban 1988.

Haka aikin ya zauna shekara ashirin da tara: shi a sama, ita a ƙasa. A wannan gaɓar teku, inda iska kanta a jiƙe take, ba a ɗaukar shekara biyar rufin fallayen kwalta masu tsakuwa bai yi baƙaƙen layuka ba, musamman gefen arewa da inda itatuwa suka yi inuwa. Masu gida kan ce hayaƙin masana'anta ne. Elbert kan gyara musu, ya ce gansakuka ce, abu mai rai, tana cin farar ƙasar da ke cikin fallayen rufin, kuma abu mai rai kashe shi ake yi, ba kankarewa ba. Rabin tanki bilic, rabi ruwa, da ɗan sabulu don ya kama. Feshi a hankali kamar yayyafi. Ba ya aiki in rana ta buɗe, don maganin zai bushe kafin ya ci. Ba ya aiki in ana iska. Injin feshi mai ƙarfi kuwa, ko sunansa ba ya son ji. Yakan debo ɓarɓashin tsakuwar rufi daga indararo ya nuna wa mai gida a tafin hannu, ya ce wannan ita ce fatar rufin, wanda ya fesa mata ƙarfi ya feɗe ta.

In ya gama feshi sai a jira minti ashirin. A nan ne yake zama a doron rufi da ledar gyaɗarsa, yana jefo ɓawon ƙasa, yana auna hular Ozella. Ita tana bin fure da ciyawa da ruwa, tana ce masa tsoho mai halin biri. Yana ce mata Shugaba. In ɓawo ya sami hular, sai ya ce ɗaya, ta ce zai ga ɗaya a kwanon abincinsa.

Shi ba ya rubuta komai. Ita ce ke sa alama a kalandar kicin, kowane rufi da ranarsa da yanayin sama, kuma ba ta jefar da kalanda ko ɗaya ba. Zuwa ƙarshen Agustan 2016 alamun sun kai dubu ɗaya da ɗari takwas da sittin da biyu. Akwai gurbi babba bayan babbar guguwar da aka yi a 2005, lokacin da rabin gari ya yi sabon rufi, ba abin wankewa. Elbert ya koma fentin gidaje yana jira. Da Ozella ta damu, sai ya ce ta kwantar da hankalinta, gansakuka ba ta bar gari ba, ta je ziyara ne. A shekara ta huɗu waya ta fara ƙara. Abin da ya fi alfahari da shi a duk wannan lissafi shi ne, tun daga lambun Ozella, ganye ɗaya bai sake ƙonewa a hannunsa ba. Yakan faɗi haka a coci, a shagon aski, ko'ina, kamar shi ne mai riƙe tiyon.

Ranar Alhamis, takwas ga Satumban 2016, suna wani gida mai bene. Ya gama feshi, ita tana can tana bin shingen fure. Sai ta lura ta daɗe ba ta ji ɓawo ya faɗo ba. Ta ja baya har bakin titi ta duba. Yana zaune, ya rungume bututun hayaƙi da hannu biyu, idonsa a rufe, ledar gyaɗar ta zame ta maƙale a indararo. Ba ta kira shi ba, don kada ya waiwayo. Ta tsaya tana ƙirga numfashinta har ya buɗe ido. Ya sauko da baya, taki ɗaya ɗaya, kamar mai shiga rijiya.

A mota ya ce zafi ne. A gida ya ce bai karya da kyau ba. A gaban likita, da ta matsa, ya amsa cewa karo na uku ke nan tun watan Yuni rufi yana juyawa da shi. Likita ya ce matsalar a cikin kunne take, jirin zai riƙa zuwa ba sallama, magani zai rage amma ba zai hana ba, kuma mai shekara sittin da takwas da irin wannan ba shi da abin yi a kan tsani. Elbert ya yi godiya da ladabi. Suna fitowa ya ce wa Ozella wannan likita ko kan kujera bai taɓa hawa ba.

Ta san idan ya ci gaba da hawa, wata rana gawarsa za ta ɗauka a cikin furen mutane. Ta kuma san idan aka ce ya zauna a gida, zaman ne zai cinye shi, don ta ga yadda abokansa na wurin jirage suka ƙare a kujerar baranda. Mako uku tana juya abin. Ta nemo wata doguwar sanda mai zugewa, ƙafa ashirin da huɗu, da kan feshi mai jefa ruwa nesa, irin wanda mutum zai tsaya a ƙasa ya kai doron gida marar bene. Ya ɗaga ya duba, ya ce da ya san kamun kifi take so da ya sayi kwalekwale. Ya jingine ta a gareji.

Ranar Talata, huɗu ga Oktoba, gari ya waye da hadari lulluɓe, ba iska, irin ranar da yake kira ranar Allah. Aikin gidan Mis Idella Broadnax ne, tsohuwar malamar makaranta mai shekara saba'in da tara. Kamfanin inshora ya rubuto mata cewa rufinta ya yi baƙi, a gyara cikin wata guda ko su janye inshorar gidan, kuma saura kwana tara. Gidan ba bene, amma kewaye yake da furanni da ta shekara arba'in tana reno, kowanne da sunan wanda ya ba ta.

Elbert ya sauke tsani ya jingina. Ya haɗa magani. Ya waiwaya, bai ga kowa a bakin famfo ba. Ozella tana cikin mota, ta naɗe hannu.

"Shugaba, hadari ba ya jira fa."

"Hau mana. Wa ya riƙe ka?"

"Wa zai ba furen ruwa?"

"Wanda ya shekara ashirin da tara bai ƙona ganye ba. Ai kai ne, na ji kana faɗa a shagon aski."

Ya ce wasa take yi. Ta ce in ƙafarsa ta taɓa tsanin nan, hannunta ba zai taɓa tiyo ba, yau da gobe da jibi. Ya ce to zai jiƙa su da kansa kafin ya hau. Ta ce ya jiƙa, shi ma ya san minti biyar ba za su yi ba maganin zai sauko musu, shi yana can sama. Ya ce wannan ai cin amanar Mis Idella ne.

"Ita furenta take jiye wa tsoro, ni mijina," in ji Ozella. "Kowa ya tsare nasa."

Mis Idella tana baranda da kofin shayi mai ƙanƙara, ta ji duka. Ta ce, "Elbert Fairley, na koyar da ƙannenka biyu, kuma duk sun fi ka jin magana. In ka faɗo mini a kan fure, ban san wanda zan fara yi wa kuka ba."

Ya tsaya a gindin tsanin, hannu ɗaya a kan matakala. Ozella ta duba agogo, don haka an san minti goma sha ɗaya ya yi a wurin. Yana duban rufi, yana duban furen, bai dubi mota ba ko sau ɗaya. Daga nan ya kwantar da tsanin a ciyawa, ya zo tagar mota, ya ce ai ga shi an bar sandar kamun kifin a gida, sai wata rana. Ta ce ya ɗaga tamfol ɗin da ke bayan motar. Da ya ɗaga, sai ga sandar a ƙarƙashi.

Nan wata matsala ta fito: daga ƙasa ba ya ganin fuskar rufin, bai san inda magani ya sauka ba. Sai Ozella ta tsallaka titi ta tsaya inda take ganin komai, Mis Idella ta karɓi tiyo ta ce furenta ne, ta fi kowa sanin mai ƙishi. Feshin yana dawowa masa a ka, dole ya sa rigar ruwa da tabarau, Ozella ta ce ya yi kama da kwaɗo. Tana daga can tana ba da umarni: dama, ƙara sama, ka tsallake wuri, tsoho, koma. Yana gunaguni yana bi. Aikin da yake yi a awa biyu ya ci huɗu, kafaɗunsa suka yi tsami. Da aka ɗauraye, rufin ya fito fes, sai wani zirin baƙi kamar faɗin tafin hannu a kusa da doro. Ya tsallako titi ya gani, ya ce da ya hau da ba haka ba. Ta ce gaskiya ne. Ranar Juma'a hadari ya dawo, suka koma suka cire zirin. Mai duba na inshora ya zo ya ce rufi ya yi, kuma fure bai yi ko yaushi ba.

Daga ranar bai sake hawa ba. Gidajen bene ya sallama wa wasu, bayan ya sa sun yi masa alkawarin ba za su kusance su da injin ƙarfi ba. Wanda ya fi yi masa ciwo rufin cocinsu ne, da ya wanke sau biyar. Ranar da wani ya hau shi, Elbert ya ce yana da mura, ya ƙi fita. Ozella ta soya masa tarwaɗa.

Sun ƙara rufi ɗari biyu da goma sha huɗu daga ƙasa, na ƙarshe a Nuwamban 2020, lokacin da kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaga sandar. Elbert Fairley ya rasu a gadonsa ranar Lahadi, shida ga Maris na 2022, da ciwon zuciya, yana da shekara saba'in da uku. Ozella ta sayar da motar da tankin ga wani ɗan cocinsu. Tana nan a gidansu na Moss Point.