Karen Laoban da butata

Jama'a, yau na tumɓuke furen mutane saboda kare!

Laoban ɗin nan (haka ake kiran maigida a China), mai kamfanin jakunkunan da nake sari a Shiling, shi ya ce zai rage min hanya zuwa titin Huanshi Lu, in ya sauke ni ya wuce hutu. Sai ga shi da wata mota mai gado da kicin a ciki. Ina shiga, kare! Ƙato, har da riga, ya hakimce a kujerar gaba.

Na ce, "Laoban, wannan fa?"

Ya ce, "Ɗana ne, tare za mu bakin teku."

Na maƙure a baya, na tattare rigata. Cunkoso ya riƙe mu, azahar na neman wucewa. Na matsa masa ya tsaya a gidan mai. Na cika butata, na juya ina cire safa. Kawai na ji lak-lak-lak. Gogan ya zura harshe a ciki!

Innalillahi! Wanki bakwai ke nan, ɗaya da ƙasa. Na duba gabas na duba yamma, ko'ina siminti. Sai wata tukunyar fure a tagar motar. Wallahi ban nemi izini ba, na tumɓuke, na ɗebi ƙasa na hau dirza.

Laoban ya tsaya yana ƙirgawa da yatsu. Ina kai bakwai ya tafa min, ya shiga mota ya fito da kwanon abincin karen, ya miƙo min.

Wai, "Aboki, wannan ma."