Ƙasar da Na Zubar a Shara

Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. Da wannan nake taƙama, kuma shi ya kai ni ya baro. Shekarata huɗu ina kula da lambun wani gida a unguwar Gharrafa, can Doha, ba a taɓa cewa ga abin da ya mutu a hannuna ba, a garin da zafinsa ke narkar da takalmin roba. Sai ga wata 'yar shuka da ba ta kai kamu ɗaya ba ta zo ta kwance mini zani a kasuwa.

Matar maigidan Baturiya ce, daga wata ƙasa can ƙuryar arewa inda ƙanƙara ke binne ƙasa wata da watanni. Madam muke ce mata. Da ta dawo hutu wata shekara, sai ta zo da shukar a cikin 'yar tukunya, ganyenta ƙanana masu sheƙi, gindinta lulluɓe da gansakuka. Yadda ta wuce da ita a filin jirgi, kada ka tambaye ni. Ta ce tsohuwarta ce ta haƙo mata a dajin da ke bayan gidanta, da hannunta, duk da ciwon da ke cinta.

Ta ajiye ta a bakin tagar wani ɗaki da esi ba ya mutuwa, ta kira ni tana nuna mini hotuna a waya. Da guntun Turancina nake binta. Na ga daji na itatuwa dogaye miƙaƙƙu, wasu masu farin ɓawo, ƙasansu shimfiɗe da gansakuka mai kauri kamar katifa. Ta ce irin wannan shukar ce ke rufe ƙasan dajin, tana yin jajayen 'ya'ya masu tsami, mutane su tsinka, tsuntsaye su ci, namun daji su ci. Da sanyi ya zo ƙanƙara ta rufe ta, ta kwanta a ƙasa da ganyenta kore shar, sai shekara ta juyo. Ta ce ƙasar can tsami gare ta, ba ta da ƙarfi, kuma shukar haka take so. Na gyaɗa kai, amma a zuciyata dariya nake yi. Wace shuka ce a duniya ke son yunwa?

Ba a yi wata biyu ba aka bugo cewa jikin tsohuwa ya yi tsanani. Madam tana haɗa kaya tana ba ni sallahu.

"Ruwan gora kawai za ka ba ta, ban da na famfo. Kada ka fitar da ita waje. Kada ka taɓa ƙasar."

"To, Madam."

Ta maimaita na ƙarshen har sau biyu. Wallahi raina ya ɓaci. Ni za a koya wa ƙasa? Ni da na tashi da fartanya a kafaɗa tun ban san damana da haguna ba?

Kwana biyar da tafiyarta na ga ganye biyu sun yi ja. Na ɗaga gansakukar na leƙa. Ƙasar baƙa ce, jiƙaƙƙiya, tana warin ruɓaɓɓen ganye, ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo ya bi cikinta har jikin saiwoyin. Na ce shi ke nan, ga cutar. A gonarmu in ka ga irin wannan a gindin barkono, to ruɓa ta kama shi.

Na kira mai gadin gidan, wani dattijo ɗan zango daga Kumasi da muke cin abinci kwano ɗaya. Ya leƙa, ya ja baya.

"Malam, abin mutane ne. Yadda ka same shi, bar shi haka. Khalas, magana ta ƙare."

"Baba, kai ƙofa ka sani. Ka bar ni da ƙasa."

Abin da na faɗa masa ke nan, dattijon da a haife ya haife ni. Ya koma kan kujerarsa.

Na yi mata gata irin wanda babana ke yi wa dashen da yake ji da shi. Na samo busasshen kashin awaki wajen wani ɗan garinmu da ke aiki a gona bayan Rayyan. Na kwaso toka daga murhun gashin maigida. Na cire shukar a hankali, na wanke saiwoyinta tas har ba sauran zare ko ɗaya, na dasa ta a sabuwar ƙasa mai taki, na barbaɗa toka. Tsohuwar ƙasar da gansakukar kuwa na juye a leda na jefa a shara. Har na buɗe mata labule don ta sha rana sosai. Ranar da daɗin rai na yi sallar la'asar, ina ganin na ceci rai.

Garin neman gira aka rasa ido. Mako bai cika ba bakin ganyen ya ƙone. Na ƙara ruwa, ya ƙara lalacewa. Kullum da safe sai na tarar da ganye a bakin tagar, in tsince in ɓoye a aljihu kamar ɓarawo. Abinci ya daina shiga. Ana cikin haka maigida ya aiko cewa tsohuwa ta rasu. Na zauna a bakin famfon lambu. Tsoro na ji, da kunya, da haushin kaina wanda har yau bai gama sakina ba.

Na zaga wuraren sayar da furanni da hoton shukar a wayata, ko zan samu irinta. Kowa ya duba sai ya girgiza kai. Wani mai shago ma dariya ya yi, ya ce wannan ko a firji ka sa ta a Doha sai da addu'a. Dattijon nan bai taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa ma da na samu wanda zan yi wa faɗa in huce.

Madam ta dawo da hantsi, ta rame, idanunta sun faɗa. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce ɗakin. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Abin da ke cikin tukunyar 'yan tsinke ne kawai. Na yi mata gaisuwar rashi, sannan na faɗa mata komai, da takin, da tokar, da wankin saiwa. Ban rage ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta taɓa tokar da yatsa, ta ce farin zaren nan da na wanke ba cuta ba ne. Wani irin naman kaza ne, dangin laimar kwaɗi, da ke zaune tare da saiwar, shi ke nemo mata abinci a cikin ƙasar, ita kuma tana ba shi nata. A dajinsu kusan kowane itace da irin nasa abokin zaman. Toka kuwa ta kashe tsamin da shukar ke rayuwa a kai. A hankali take bayani, kamar mai karantar da yaro, ni kuwa na gwammace ta zage ni.

"Dama na san da wuya ta rayu a nan," in ji ta. "Ba komai. Ka kawo mini ƙasar da ka cire, zan ajiye ta a kwalba."

Na sunkuyar da kai.

"Ina ka zuba ta? A lambu? Nuna mini wurin, zan kwasa da kaina."

"Madam, a shara na zuba."

"Yaushe?"

"Mako uku ke nan. Mota ta kwashe."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar. Ta ce an riga an sa gidan tsohuwar a kasuwa, ba ta da sauran wurin komawa a can. Sannan ta zauna a ƙasa, jakar tana rataye a kafaɗarta, ta ce in ja mata ƙofar in zan fita.