Farin Fenti a Bayan Motar Zaitun

A bakin wata gonar zaitun kan hanyar birnin Sfax, wani dattijo na durƙushe bayan tsohuwar a-kori-kura, yana bin haruffa masu tudu na jikin murfin baya da farin fenti. Jar hularsa ta karkace, harshe a waje kamar mai koyon rubutu. Ya shafa, ya miƙe, ya duba agogo, ya sake durƙusawa. Ina jin motar nan ta girmi aurensa.

Matarsa na zaune kan buhunan zaitun, tana karkaɗa ƙafa.

"Si Munji, layinmu a injin matsar mai zai wuce! In zaitun ya kwana a buhu, man ya lalace."

"Saura harafi ɗaya, Hajiya."

"Ni ko kwalli ka taɓa saya min?"

Ya gama, ya yi murmushi. Sai ya dubi buhunan, ya dubi ɗanyen fentin. Ai sai an sauke murfin ake loda kaya!

Ga shi can yana cicciɓar buhu yana cusawa ta gefen motar, yana nishi, yana ce mata, "Matsa, Hajiya, kada mayafinki ya taɓa ta!"