Malam Mahdi Ɗanbala, Mai Aron Kakanni

An haifi Malam Mahdi a garin Bukuru cikin shekarar 1952. Mahaifinsa Ɗanbala tela ne da ke yi wa ma'aikatan kuza ɗinki, mahaifiyarsa Kulu kuwa waina take sayarwa a bakin kasuwa.

Karatu da Aure

Ya sauke Alƙur'ani a unguwar Gangare da ke Jos a 1965, ya kammala kwalejin horon malamai a 1975, ya auri Hasiya a 1978, sannan ya samu digiri a fannin tarihi a 1981. Tun a lokacin abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne littattafan makaranta sun cika da sarakuna da gwamnoni, amma ba su ce komai ba kan mutanen da ya taso cikinsu, Birom da Hausawa da Ibo da Fulani da Yarbawa, balle yadda Turawan kuza suka rarraba musu aiki da unguwanni bisa launin fata da ƙabila.

Aiki

A 1982 ya fara koyarwa a wata sakandare da ke tsakiyar Jos. Bayan rikicin 2001 ɗalibansa suka dawo aji sun rabu gida biyu, kuma da zarar an taɓo batun wanda ya fara zama a garin sai faɗa ya kaure. Hukumar makarantar ta ba shi wa'adin shekara guda: ko dai a daina faɗan, ko a soke darasin tarihi baki ɗaya.

A 2002 ya fito da abin da ya kira aron kaka. Kowane ɗalibi zai ɗauki kakan wani ɗan ajinsu daga wata ƙabila, ya riƙa zuwa gidansa yana sauraro, har ya zo ya ba da labarinsa a aji yana cewa "kakana". Tsohon kuma yana da damar tsokanarsa kamar jikansa.

Taron Iyaye na 2003

Wasu iyaye suka ce ba za a tura 'ya'yansu unguwannin da su kansu suka daina takawa ba. Alhaji Labaran, mai sayar da itace a kasuwar Katako, shi ya jagoranci ƙorafin, domin an haɗa ɗansa Adnan da Baba Anene, wani Ibo tsohon makaniken kamfanin kuza da ya gudu a rikicin 1966 ya dawo bayan yaƙin basasa. A ranar da za a yanke shawara sai ga Baba Anene ya shigo da sandarsa, ba tare da an gayyace shi ba.

"Oga Labaran, yaron nan nawa ne yanzu! Duk zuwansa sai na kai kaza Gangare Musulmi ya yanka, don ya ci. Ya cinye min kaji, ya ce kaina ya fi kwanon haƙar kuza sheƙi. Yanzu za ka ƙwace shi?"

Zauren ya ɓarke da dariya. Aka ce Adnan ya tashi, ya tashi ya ba da labarin gudun "kakansa" a cikin jirgin ƙasa. Da ya gama, Alhaji Labaran ya ce mahaifiyarsa ma tana nan da rai, a turo mata nata jikan. Ba a soke darasin ba, kuma kafin shekara ta zagayo tsofaffi suka fara aiko saƙo makaranta da kansu, kowa na neman a ba shi yaro!

Ƙarshen Rayuwa

Ya yi ritaya a 2012, ya koma Gangare da zama. Allah ya karɓi ransa ranar wata Talata a watan Maris na 2023, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi masa salla bayan azahar, kuma tsofaffin ɗalibansa Kiristoci sun cika layin gidan, suka bi gawar a ƙafa har maƙabarta.

Ya bar matarsa Hasiya da 'ya'ya biyar: Abdulfatah, Ummusalma, Ibrahim, Madina da Amatullah. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.