Goro Biyu, Ƙofa Ɗaya

Har yau in aka tambaye ni inda aka haife ni, sai in ce Agege in ja bakina in yi shiru, don ko kalma ɗaya na ƙara wani zai ji haushi. 'Yar unguwar tamu da ke bayan layin dogo ba ta wuce layi biyar ba, amma kowa da iyakar da ya shata mata. Masu wutar lantarki sun haɗa mu da mutanen kasuwa, 'yan sanda sun ce mu na wani caji ofis ne can gaba. Masu kwasar shara na ƙananan hukumomi biyu kuwa, kowanne ya iso ƙofar gidanmu sai ya tuna ikonsa ya ƙare a gidan maƙwabta. Ranar zaɓe kaɗai kowa yake ƙaunarmu.

Kunne ya girmi kaka. An ce lokacin da kakana ya zo daga Kano fataucin goro, wurin gonar wani Bayarabe ce, ɗan rafi ya ratsa ta tsakiya. 'Yan goro suka zauna gabas da rafin, daga baya mahauta da dillalan shanu suka zo suka zauna yamma. Kowane ɓangare ya naɗa mai unguwarsa, rafi ne iyaka, babu mai ce wa wani kanzil. Sai rafin ya ƙafe. Kakana, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya ganin fili ya kau da kai, ya yi ta ƙara ɗaki bayan ɗaki har gidanmu ya haɗiye rafin ɗungurungum. Haka muka tashi muka ga ƙofar gaba a layin 'yan goro, ta baya a layin mahauta.

A wurinmu ba a suna ko aure sai an kai wa mai unguwa goron sanarwa kafin kowa ya ji. Shi zai sa a faɗa a masallaci, shi zai yarda a tare layi a kafa rumfa. Wanda ka fara kai wa goro, ka nuna wa duniya a ƙarƙashinsa kake. Baba kuwa bai taɓa zaɓa ba. Ƙwarya biyu yake shiryawa, ya ba Baffa, ƙaninsa, ɗaya ya tsaya a ƙofar gaba, ya ba Kawu, wan Inna, ɗaya ya tsaya a ta baya. Shi kuma ya tsaya a tsakar gida ya tafa hannu, su fita lokaci guda kamar masu tseren gudu. Sunanmu mu bakwai duk haka aka yi. Masu unguwar biyu sun sani sarai, amma kowa ya yi kamar bai sani ba.

Ni ce na zo da farar ƙafa. Saura kwana huɗu ɗaurin aurena, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan da ba su taɓa sanin muna duniya ba ta tashi da aikin alheri, ta haƙa ƙaton kwalbati daidai ƙofarmu ta baya, aka gitta wani siririn katako a kai. Baba ya tafa hannu. Kawu, wanda in ya hau okada sai mai okadan ya yi salati, ya dubi katakon, ya dubi tumbinsa, ya juyo ya bi bayan Baffa ta ƙofar gaba, ya zaga. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wani wanzami da ke aski a bakin layi ya gan shi, kafin Kawu ya isa labari ya riga shi.

Da la'asar sai ga ƙwaryar ta dawo, ko ganyen da aka rufe ta da shi ba a ɗaga ba. Mai unguwar mahauta ya ce a gaya wa Baba goron da ya fito ta ƙofar wani, ragowar wani ne. Baba ya zura babbar riga ya tafi ba da haƙuri. Ana wata ga wata: mai unguwar 'yan goro ya ji cewa an je an durƙusa wa mahauta kafin a zo a yi masa godiya, shi ma ya dawo da tasa. Ƙwarya biyu suka zauna a tsakar gida suna kallonmu. Babu rumfa, babu sanarwa, ga dangin ango sun riga sun kama hanya daga Kano, don shi aiki ne kawai ya kawo shi wata masana'anta a Ilupeju, nan Ikko.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na ce wa Inna, tsofaffi biyu da ko kwatar layinsu ba su iya sa a yashe ba, su ne za su hana ni aure? Ta ce, "Rufe min baki, 'yar nan. Ke biki kike gani, babanki kuwa da mutanen nan zai zauna bayan kin tafi."

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Baba ya je ya ɗauko Iya, tsohuwar maƙwabciyarmu, jikar mai gonar, ko za ta nuna inda rafin ya bi a huta. Ta shigo tana dogara sanda, ta fara daga madafa, ta ratsa tsakar gida tana ƙwanƙwasa siminti, muna biye da ita kamar 'yan rakiya. Ba ta tsaya ko'ina ba sai ɗakin Baba, ta ɗora sandar a tsakiyar gadonsa.

"Alaji, nan ne," in ji ta. "In ka kwanta, kanka na 'yan goro, ƙafarka na mahauta. Kuma dukanku gonar kakana kuke, wahala kawai kuke so."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba bai yi ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar da safe Baba ya sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, tunda babu layin da za a tare. Ina ɗakin Inna, na ɗaga labule kaɗan ina leƙe. 'Yan Kano suka shigo da manyan riguna sun sha sitaci, suka tarar da Baba da Baffa da Kawu da wasu 'yan tsirarun maƙwabta. Na ji kunya ta kama ni saboda Baba, har na so ƙasa ta tsage. Baffan ango, wani dogo mai kaifin harshe, ya waiga hagu ya waiga dama.

"Alhaji, ina mai unguwarku? Ina liman?" Mutumin ya juya wajen 'yan'uwansa, bai ko rage murya ba. "Dama an faɗa mana. Mutanen Ikkon nan ba na ko'ina ba ne. Ba su nan, ba su can."

Ashe masu unguwar duk sun zo. Kowanne ya zo ne don ya tabbatar ɗayan bai zo ba. Na 'yan goro yana laɓe a zaure, na mahauta kuwa, da tsufansa, ya tsallako katakon da ya gagari Kawu yana tsaye a lungun baya. Tare suka faɗo tsakar gida.

Na 'yan goro ya ce, "Wa ya ce Alhaji ba na ko'ina ba ne? Namu ne! A gabana aka yi masa kaciya!"

"Ranka ya daɗe, a yi gaskiya," in ji na mahauta. "Namu ne. Ragon sunansa ubana ne ya feɗe shi."

Suka manta da baƙon suka kaure da musu a kan Baba, kowa na jan hannun rigarsa. Wannan ya aika a kira limaminsa, wancan ma ya aika. Aka ɗaura aurena da liman biyu, kowanne yana so addu'arsa ta fi ta ɗan'uwansa tsawo, har hannun 'yan Kano ya gaji da ɗagawa. Baffan ango bai sake cewa uffan ba sai "amin". Kafin azahar an tare layuka biyu.

Da mutane suka ragu Baba ya zo ƙofar ɗakin. Na zaci nasihar da ake yi wa amare zai yi. Sai ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hula, idonsa ya yi ja.

"Kin ji su?" ya ce. "Su duka biyun suka faɗa."

"Na ji, Baba."

"In na je Kano Bayarabe suke ce min. In na hau motar danfo a nan, 'aboki' ne sunana. Shekara sittin a gidan nan ban taɓa yarda a tambaya na wa nake ba, don ina tsoron kowa zai ce na ɗayan ne."

Na fashe da kuka, kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi min ta dame. Mata suka taru a kaina suna rarrashi, wai in yi haƙuri, kowace mace da haka ta bar gidansu. Ban gaya musu don Baba nake kukan ba.