Wutar da Ba Ta San Maƙeri Ba

A gidanmu ba a tsoron wuta. Mu maƙera ne kaka da kakanni, a wani ƙauye kusa da Miga, kuma tun yaro bai iya ɗaure wando ba ake ba shi wani jiƙo mai bauri ya sha, a ce masa daga yau wuta ta san shi. Na sha, yayana ya sha. Ni dai jiƙon bai zauna mini ba, don ranar da tartsatsi ya fara faɗo mini a ƙafa na kurma ihun da ya watsa awakin gidan. Baba ya dube ni ya ce wannan sai boko. Haka na zama malamin firamare, Yaya kuwa ya zama abin da Baba yake so. Na sha ganinsa ranar wasan maƙera, ana kaɗa dundufa, ya zaro jan ƙarfe daga wuta ya goga a damtse yana dariya. Ban san yadda ake yi ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Na dai san ko tabo babu a jikinsa.

A bayan maƙerar Baba akwai wani tsohon babur ɗan Ingila, irin masu nauyin nan da ake hawa tun kafin a haife mu. Wani malamin gyaɗa ne ya faɗa rami da shi, ƙashin bayan babur ɗin ya karye biyu, ya kawo wa Baba ya haɗa. Baba ya yi zuga ya yi duka, bututun ƙarfen ya ƙi kamawa, sai lanƙwashewa yake. Mai babur aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi bai waiwayo ba. Wannan ne aiki guda da ya gagari Baba a rayuwarsa, kuma bai taɓa yarda masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauka ba. Kaji suka yi ta saka ƙwai a ƙarƙashinsa, tsatsa ta cinye tankin har ana hango ƙasa ta ciki. Idan Baba ya biyo ta wurin sai ya kawar da kai.

Da aka ƙirƙiro jiha aka ce Dutse ce hedikwata, an tura ni koyarwa can. Yaya ya riga ya koyi walda a Kano lokacin da yake zuwa ci-rani, sai ya biyo ni ya kafa rumfa a bakin titi. Garin a lokacin duk gini ne, ma'aikata sun taso daga Kano kowa yana neman ƙofa da taga na ƙarfe, don haka aiki bai yanke masa ba. Da Baba ya rasu aka zauna rabon gado, Yaya bai buɗe baki a kan gona ko tumaki ba. Babur ɗin kawai ya ce a bar masa. Aka yi ta dariya a zaure, wani ya ce ya haɗa da kajin. Ya loda shi a bayan a-kori-kura ya kawo Dutse.

Ina wurin ranar da ya haɗa karayar. Ya kankare tsatsar, ya zura wani guntun bututu a ciki don ƙarfi, ya daidaita, ya kunna injin walda. Kafin shayin da ke hannuna ya huce, abin da ya gagari Baba shekara da shekaru ya kama. Yaya ya zauna a kan benci ya ce, “Da ma yana nan.”

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, ashe farawa aka yi. Babur ɗin ba shi da tanki, ba salansa, ba kujera, ƙarfen da ke rufe tayoyin ya zama kamar rariya. Masu sayar da kayan babur a Kano suka ce masa irin wannan sai dai ya tambayi kakanninsu. Injin ya kai wa wani tsohon bakanike abokinsa, sauran kuwa ya ce da hannunsa zai yi. Tankin ya fi ba shi wuya. Ya fara yanka kwali ya gwada siffar, sannan ya yanki fallen ƙarfe, ya ɗora a bakin wani tsohon turmi yana bugawa a hankali da masabar Baba, har ya lotsa ya zama kamar ɓarin ƙwarya. Ya yi biyu, ya kifa ɗaya a kan ɗaya, ya bi gefen da walda. Ya cika da ruwa, duk inda ya ga digo ya zagaye da allin da yake kwasowa daga aljihuna. Tanki nawa ya yi ya jefar, ban ƙirga ba. Murfin tayoyin daga jikin durom ya fitar da su, salansa kuma daga bututun rijiyar burtsatse. Aikin ya ci shekaru, domin sai ya sallami masu ƙofa, kuma sai an kawo wuta.

Duk wannan da ido tsirara yake yi. Sauran masu walda na layin, ko ba komai, suna maƙala baƙin tabarau. Shi kuwa sai ya ɗan karkata kai, ya ƙanƙance ido, ya tsura wa wannan farin hasken da ni daga tsallaken titi ba na iya kallo. Na je Kano na sayo masa garkuwar fuska mai baƙin gilashi, na haɗa da tabarau irin na masu sana'ar.

“Yaya, ka riƙa sa wannan.”

Ya jujjuya garkuwar a hannu. “Malam, wa ka taɓa gani a gidanmu ya rufe fuska don wuta? Mutanen garinmu su zo wucewa su gan ni cikin wannan, me za su je su faɗa?”

“Wannan ba wutar gawayi ba ce.”

“Wuta wuta ce. Ai tare muka sha, naka ne ya zube.”

Bayan kwana biyu na tarar da garkuwar a tsakar gidansa, matarsa ta zuba wa kaji dusa a ciki. Ita ce ta gaya mini yadda yake wayar gari: ido jawur, hawaye na zuba, yana cewa kamar an watsa masa yashi. Takan tare mai nono da sassafe ta karɓi ɗanyar madara ta ɗiga masa, ya kwanta da tsumma a fuska. Kafin azahar ya washe, ya fito yana ce mini, “Ka gani? Gaisuwa ta zo yi ta wuce.” Wannan warkewar ita ta cuce shi. Da tun farko ya ƙi warkewa, wataƙila da ya ji tsoro.

Sai aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A garinmu malamai suka yi ta wa'azi a kan wasan wuta, suka ce da tsafi a ciki. Baffanmu, ƙanen Baba, wanda shi ne Sarkin Maƙera a lokacin, ya sa aka rataye dundufa a ɗaki. Yaya bai yi musu da kowa ba, mutum ne da ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Amma na lura abin ya ƙara masa taurin kai. Na sake yi masa maganar ido, ya ce, “An hana mu nunawa a dandali, mun bari. Nan ɗin da ya rage shi ma in rufe? To me ya saura na gidanmu?” Na ji haushinsa kamar in mare shi. Har yau in na tuna ina jin wannan haushin.

Jiki magayi. Ya fara miƙa hannu gefen kofi maimakon kofin. Ya fara amsa sallama da sunan wani. Ya ce in riƙa kawo masa alli mai kauri, na yanzu ba shi da kyau. Layin waldarsa, wanda dā yake tafiya sak, ya fara kaucewa yana dawowa. Wani ma'aikaci ya dawo da ƙofa don ta ƙi shiga gurbinta, daga nan masu kawo aiki suka fara wucewa rumfar gaba.

Na tafi ƙauye na ɗauko Baffa, don na san shi kaɗai Yaya ba zai iya yi wa gardama ba. Tsohon ya zauna a benci ya ce a kunna ya gani. Yaya ya ɗora wayar walda, hasken ya tashi. Baffa, mutumin da na gani da idona yana lasar jan ƙarfe, ya sa hannun riga ya kare fuska.

“Kashe,” in ji shi. “Kai, kakanninmu da wutar gawayin ƙirya suka yi alkawari. Wannan ba su san ta ba, ita ma ba ta san su ba. Ka sa abin da ƙanenka ya kawo.”

“To, Baffa.”

Aka karɓo garkuwar daga wurin kaji aka wanke. Ya sa, ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗago ya ce a hankali, “Ba na ganin komai ta ciki.” Idon ya riga ya dushe, baƙin gilashin ya ƙarasa rufe ɗan abin da ya rage. In zai ga inda yake ɗora waya, sai ya cire.

Na kai shi asibitin ido a Kano. Likitan ya haska ya haska, ya ce can cikin idon ya ƙone, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Amma in ya bar walda daga ranar, zai riƙa ganin hanya da fuskar iyalinsa. A mota muna dawowa na ce, “Ka dai ji.” Ya ce ya ji. Muna hango duwatsun Dutse ya ce, “Saura kujera da maƙalin salansa. In na gama shi ke nan.” Na roƙe shi ya ba maƙwabcinsa ya ƙarasa. Ya ce babur ɗin da ya gagari Baba ba zai ƙare a hannun bare ba.

Na yi fushi na daina zuwa rumfar. Matarsa ce take ba ni labari: yana lalube da yatsa ya sami bakin ƙarfen, ya kai fuskarsa dab da shi, sannan ya kunna. Ta ɓoye wayoyin walda, ya aika aka sayo wasu. Madarar ma ta daina aiki.

Bayan an gama girbi ya aiko a kira ni. Na tarar da mutane sun taru. An yi wa babur ɗin baƙin fenti, tankin yana ƙyalli, babu mai cewa daga bakin turmi ya fito. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa da hannun mutum ya yi ba. Tsohon bakaniken ya taka, ya sake takawa, injin ya kama da wata ƙara mai nauyi kamar ana daka a gidan biki. Yaya ya bi jikinsa da tafin hannu tun daga fitila har baya. Ya hau, ya kama kan, ya gyara zama. Rana tsaka ce, titi fetal, sai wata tifa da aka ajiye ɗan nesa kaɗan a gabansa.

“Malam,” ya ce, ba da ƙarfi ba, “akwai wani abu a gabana?”

“Akwai tifa, Yaya.”

Ya ɗan jima riƙe da kan babur ɗin. Sai ya saki, ya ja da baya ya koma kujerar da ya ƙera ta ƙarshe.

“Zo ka ja. Gida za mu, Inna ta gani.”

Na ja, ni da ko keke ba na sakin jiki a kai. Babur ɗin bai yi ko tari ba. Bayan mun wuce Kiyawa na ji ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya, iska tana yanka masa ido. Na tsaya a gindin wata tsamiya. Hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro tabaran nan da na sayo masa, sabo fil, ko ƙwarzane babu. Ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi. Ya maƙala ya ce mu tafi.

Haka muka shiga garinmu, yana bayana da baƙin tabarau. Maƙera suka fito suka kewaye babur ɗin, suna shafa tankin, suna neman inda aka haɗa karayar ba su samu ba. Kowa ya yaba, kuma babu wanda ya dubi fuskarsa sau biyu. Baffa ya kama hannunsa ya kai shi har ƙofar ɗakin Inna, ni ina biye.

Inna ta fito ta tsaya. Ba ta ko kalli wajen da babur ɗin yake ba.

“Cire wannan abin in ga idonka.”

“Bar shi, Inna.”

“Me ya same shi?”

Ya durƙusa yana lalube har ya sami ƙafarta ya dafa.

“Wuta ce. Ba ta san ni ba.”

Inna ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora hannu a kansa. A waje wani ya sake taka babur ɗin, yara suka bi shi da gudu. Yaya ya juya kunne wajen ƙarar yana saurare, kuma daga ranar ban sake ganin idonsa ba har Allah ya karɓi abinsa.